Lissafin Burul Kafin Ƙanƙara

Dutsen At-Bashi ya sa farar hula tun shekaranjiya.
Ba ya ƙarya, ba ya ɗaga wa kowa ƙafa:
in hular ta sauko masa har kafaɗa,
kwana goma ya rage mana, ko bai kai ba.

Na zazzage gwangwanin shayi a kan shimfiɗa,
som dubu tara da 'yan canji.
Na ƙirga. Na sake ƙirgawa da yawu a yatsa,
sai ka ce kuɗi suna haihuwa in an matsa musu.

Mai kwal ya ce tan guda dubu bakwai.
Tan biyu ke fitar da mu, in Allah ya sassauta.
Takalman Akilai sun buɗe baki suna dariya,
gari saura rabin buhu,
wayar Toktosun kuwa, tun watan jiya,
magana ɗaya take maimaitawa daga Rasha:
"Ɗan kwangila bai biya ba. Ki ƙara haƙuri."
Haƙuri ina da shi, rumbu guda.
Sai dai ba ya kama wuta a murhu.

Tan ɗaya na saya.
Sauran, shanun maƙwabta suka biya:
tun rani ni da Ermek muke bin sawun garke,
muna kwasar kashi, muna maka shi a bango
faifai-faifai, kowanne da shaidar tafin hannunmu.
Ya bushe, mun jera ɗari takwas da sittin.
Yaron ya daina toshe hanci
ranar da na ce masa: wannan warin,
a watan Janairu sunansa ɗumi.

Ɗaki uku gare mu, biyu na sallama wa sanyi.
Na kwashe barguna, na ja ƙofa, na ce masa
ga naka, ka bar mana namu.
Zai saɓa alkawari, na san shi,
baƙo ne da bai iya sallama ba.

Tagogi: leda, ƙusa, tsohon kwali.
Tsagar da ta fi ƙarfin leda
na cusa mata takardar jarrabawar Akilai,
lissafi, tamanin bisa ɗari.
Ta kumbura baki. Na ce ai ilimi garkuwa ne.
Ta yi dariya ba da son ranta ba.

A ramin ƙarƙashin ɗaki, dankali buhu shida,
na ware masu tabo, su za mu fara ci.
Kwalba talatin da ɗaya: tumatir, kabeji mai gishiri,
sai biyu na 'ya'yan itace da sukari
da na ɓoye inda Ermek ya riga ya sani.

Tsohuwa Salkin ta ƙwanƙwasa da la'asar,
riƙe da takalman jikarta da ta koma birni.
Ba ta ce kyauta ba, ta san halina.
Ta ce: "Idona ya gaji, zare ya ƙi allura.
Ki ɗinke min bargona, kowa ya huta."
Sun yi wa Akilai yawa da yatsa biyu.
Safa kan safa ta raba gardama.

Jiya da dare iska ta gano ƙasan ƙofa.
Na duba: tsumma ya ƙare, kwali ya ƙare,
sai tsohon kwat ɗin Toktosun rataye a ƙusa,
wanda ya ce in ajiye masa har ya dawo.
Na daɗe a tsaye. Na shinshina wuyansa:
taba, gumin doki, da ɗan abin da ya rage nasa.
Na naɗe shi, na kwantar a bakin ƙofa.
Na ɗaga ƙafa zan tura,
sai na durƙusa na tura da hannu.

Da asuba ƙanƙara ta sauka,
hular ba ta ko taɓa kafaɗa ba.
Ashe bana dutsen ma ya koyi ƙarya.

Yara na barci, ƙafa cikin ƙafa.
Butar shayi na jiran a ba ta abin gunaguni.
Ermek ya buɗe ido ɗaya, ya hango kwat ɗin,
ya ce: "Baba ne ke gadi?"
Na ce yi barcinka.
Na jefa faifan farko a murhu.
Saura ɗari takwas da hamsin da tara.